Shafin Ƙarshe

A Aboabo, bayan shagon ɗinkin Mumuni,
kan teburin da muka tokare wa ƙafa da marfin kwalba,
nan muka ƙagi wasan.
Baki ne kawai, da fensir, da 'ya'yan lido biyu.
Ni ke jan labari,
Memuna ce madugu, Fusaini mai leƙen hanya,
Kwabena kuwa ya nace shi ne jakin da ke magana.
Ayarin goro ya iso kogi, kogi ya cika.
A jefa.
Shida, kun haye. Ɗaya, kaya sun bi ruwa.

Damina uku muna gardamar dokoki
kafin mu kai wa mai ɗab'i a Adum.
A shafin ƙarshe na rubuta:
Dokokin nan rijiyar bakin hanya ce,
ɗebi, kwafa, sauya, sayar in ka so,
ka dai faɗi inda ka jefa guga,
kada ka rufe ta bayanka.
Suna da tambari kam namu ne,
kunkurun nan mai goro a baki
kada ya hau bangon da ba mu gani ba.

Mumuni ya ce, ba a ɗinka riga a bar ta a titi.
Na ce, yankan na bayar, ba rigar ba.

Jiya a Kejetiya, tsakanin mai tumatir da mai cajar waya,
na ga ɗan littafi da harshen Tuwi.
Babu ayari, babu kogi:
direbobin tiroto ne da 'yan kamasho,
da go-sulo mai cin rai.
Wata Adwoa ce ta rubuta.
Ta cire dokar rantsuwa,
wadda na kwana bakwai ina sassaƙawa,
ta sa wata mai layi biyu.

Tata ta fi.

Na tsaya, wani abu ya tokare min maƙogwaro,
kamar ka ga ɗanka ya yi ƙiba a gidan maƙwabta.
Na juya bango: ba kunkuru, hankaka ta zana.
Na buɗe ƙarshe: ga sunayenmu huɗu, ƙanana,
har da jakin,
ƙarƙashinsu ta sake barin rijiyar a buɗe.

Sidi ashirin. Ban nemi ragi ba.
Daren yau Kwabena zai fassara mana,
Memuna ta riga ta ce ita ce direba.