Wutar Da Ke Wuce Mu

A gonar babana, gabas da Gaya,
akwai dogon ƙarfe mai ƙafa huɗu.
Shekara ashirin da ɗaya yana tsaye cikin dawa,
bai taɓa sunkuyowa ya ce mana sannu ba.
Wuta ya ɗauko a ka kamar mai talla,
sai dai ba mu ne masu saye ba.
Da damina kana jin ta tana gunaguni a sama
kamar ƙudan zuma a amya.

Tamu 'yar siririyar, da aka ja mana ana jibi zaɓe,
wata bakwai ta yi.
Ɓarayi suka naɗe ta a dare guda,
suka bar turaku tsirara.
Yanzu a jikinsu muke ɗaure akuya.

Goggo Tabawa ce ta tono zancen.
Ta gama magana da autanta mai dako a Fatakwal,
ta juya salular, ta leƙa gindinta, ta ce:
"Ni dai ku gaya mini.
Muryar Lawandi ta tsallako kogi nawa,
ba igiya, ba zare, har tarinsa na ji.
Wane irin nauyi ne da wuta
da ba za ta bi sawun murya ba, su zo hanya ɗaya?"

Barau mai caji ya fi kowa ƙyaƙyatawa,
shi da janaretansa ke ci daga duhunmu.
Mati, ɗan ƙanwata, da ya soma koyon haɗa wuta a Wudil
kuɗi suka yanke masa,
shi kaɗai bai yi dariya ba.
Ya dai yi shiru yana juya tambaya.

Bayan isha'i ya fito da dogon ƙwan fitila,
farin nan, da aka yar a bayan asibiti.
Mu tara muka bi shi, har Goggo da sandarta,
muna tuntuɓe kunya bayan kunya.
Ya tsaya daga gefe, ya hana kowa taɓa ƙarfen,
ya ɗaga ƙwan daidai kafaɗa.

Sai ya buɗe ido.

Ba hasken a zo a gani ba ne.
Tsinkakken nono, yana kyarma kamar mai masassara.
Amma na ga zanen tafin hannuna,
na ga haƙorin Makka a bakin Goggo.
Barau ya yi ta laluben iska, sama da ƙasa,
yana neman inda aka ɓoye waya.

Mati ya ce, "Yoyo ne kawai,
abin da ke ɗiga daga tulun mai wucewa."
Ya yi taku ashirin wajen kanya, ƙwan ya mutu.
Ya dawo, ya farfaɗo.
"Tana tafiya ba waya, Goggo, sai dai ba ta da nisan zango.
Murya guzurinta kaɗan ne.
Wuta kuwa, ka watsa buhun gero a iska,
can nesa a tsinci ƙwaya.
Wadda ke saukowa da ƙarfinta ba igiya, kun san ta,
ita ta tsaga gawon Malam Cindo bara,
ta kwantar da saniya."

Goggo ta ce, "To, rana fa?
Ita wa ya ja mata waya?"
Mati ya buɗe baki, ya rufe,
ya sosa ƙeya.

Sai ta zauna a kan kunya, ta miƙe ƙafa.
"Matso da shi nan, ɗan nan.
Tun da ta zo, ta yi aiki.
Tun daga bakin rijiya nake ɗingishi."

Na durƙusa da allura.
Shekara ashirin da ɗaya tana wuce mu zuwa birni,
abin da ta taɓa yi mana ke nan:
ta riƙe mini haske, da ƙyar,
na cire wa tsohuwa ƙaya.