Cokali a Jikin Bututu

Shekara talatin da ɗaya a wannan bene na Govan,
ban taɓa barin wata ya kwana biyu
da kuɗin haya a hannuna ba.
Mahaifina maƙerin jiragen ruwa ne a bakin Clyde.
Abu biyu ya bar mini: gudumarsa,
da tsoron bashi.

Ran tara ga Nuwamba tukunyar da ke ƙasan bene ta yi tari,
ta sake tari, ta yi shiru.
Ƙarfen ɗumin da ke gindin taga
ya koma wurin shanya safar da ba ta bushewa.

Na kira ofis, aka sa mini kiɗa.
Na kira, aka ba ni lamba.
Na kira, wata mai zaƙin murya ta ce gobe.
Goben nan tasu gurguwa ce,
ba ta iya hawa matattakala.

Buta bakwai nake dafawa in yi wa Alasdair wanka,
shi da rabin jikinsa ya daina jin maganarsa.
Kafin ta bakwai ta tafasa, ta fari ta huce.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na dafa, na kurɓi romon,
shi ma da sanyinsa.

Daren da muka taru a matattakala,
kowa da bargo a kafaɗa kamar zaman makoki,
numfashi na riga magana fita.
Parminder ta ɗaga hannun ɗanta,
fensir a maƙale cikin safar hannu biyu.
Tadeusz na hawa na huɗu bai ce uffan ba,
kwano ya dire a tsakiyarmu:
ƙanƙarar da ya kankaro
daga cikin tagar ɗakin kwanansa.

Aka ce, to wa zai riƙe kuɗin?
Idanu suka juyo kaina.
Ai Morven ba ta cin sisin kowa.

Ran ɗaya ga wata, a kan hannuwana na zauna.
Sanyi bai taɓa kaɗa ni kamar ranar ba.
Ambulan goma sha biyu a gwangwanin biskit,
sunaye a baya, kwanan wata a gefe.
Ba mu ci ba, ba mu ɓoye ba,
mun dai rubuta masa layi guda:
wanda ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Kwana uku, sai ga wasiƙa da jan tambari.
Ashe sun san hanyar gidan.
Ƙofa biyu suka karɓi nasu, suka je suka biya.
Ban ga laifinsu ba,
mai jariri a hannu ba ya wasa da sammaci.
Har yau muna gaisawa, a gajarce.

Kwana na arba'in da shida wani yaro ya zo da akwatin aiki,
hancinsa jawur, ya sha shayina a tsaye.
Ya ce abin da ya lalace
bai cika tafin hannu ba,
tun makon farko yana cikin motarsa,
sa hannu kawai ake jira.

Da duhu ya shiga, bututu ya soma ƙwanƙwasa
kamar baƙon da ya san ya makara.
Na ɗora tafina. Ɗumi, ɗan kaɗan,
kamar goshin jinjiri.
Alasdair ya yi dariya da rabin bakinsa.

Waya ta yi ƙara. Muryar nan ce mai zaƙi,
yau ita ke tambayar yaushe.

Na dubi gwangwani, na dubi sama.
Zafi daga ƙasa yake hawa, kuma yakan gaji a hanya.
Mun yi da Tadeusz, cokali a jikin bututu:
bugu ɗaya, da saura; biyu, ya iso.

Na ce mata, ɗan riƙe layin.
Na ja kujera jikin ƙarfen, na kasa kunne.

Ɗaya.

Na jira ta biyu har shayina ya yi sanyi.
Sai na ɗauki wayar, na gyara murya,
na zuba mata zaƙi daidai nata,
na ce, gobe.