Ramin da Ke Ci da Ni

Ranar Talata suka iso,
an gama girbin dawa, rana ta soma cizo.
Katafila a gaba tana huci kamar bijimin da aka ɗaure,
tifa uku a baya, sun yi nauyi da tsakuwa.
Wani mai hular roba ruwan ɗorawa
ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku, ya runtse ido ɗaya,
ya leƙa titinmu kamar mai duban wata.

Ni ne Barau mai faci.
Shekara goma sha tara a gindin dalbejiyar nan
tsakanin Tudun Wada da Ƙofar Doka.
Na san ramukan hanyar nan kamar giɓin bakina:
na gaban kantin magani, mai faɗin faranti,
da munafukin da ke luɓewa cikin ruwa yana jiran ɗan acaɓa,
da babban yayansu, wanda yara suka raɗa wa Rijiyar Kansila.
Shi ya biya wa Uwani kuɗin jarrabawa.
Shi ya rufa mini ɗaki da kwano.
Allah na gani, ban taɓa roƙon taya ta fashe ba,
amma in ta fashe
ban taɓa zubar da hawaye ba.

Suka ja jan ƙyalle, suka ce a bi ta lungu.
Masu Napep suka watsu cikin unguwa
kamar tururuwar da aka tone wa gida.
Tabawa mai waina ta ɗage tanda sau uku a mako guda.
Haladu tela ya wayi gari da kwata a bakin shago,
ya gitta katako, masu karɓar ɗinki
suna haurawa da bisimilla.
Ranar Alhamis haƙorin katafila ya ciji bututu,
famfon da tun bara bai ko yi tari ba,
sai ga ruwa yana tsartuwa sama,
mata da bokitai, yara tsirara, har da guɗa.

Da azahar warin kwalta kan shiga har cikin tuwo.
Sambo, ɗan cin rani daga Giwa,
takalminsa na roba na mannewa a baƙin zafi,
ya zo inuwata ya sha ruwa a kwanon gwada tiyub.
Ya ce, Baba, da ruwan fari ya sauka zan koma gona,
ko an gama, ko ba a gama ba.

Da idona na ga an binne Rijiyar Kansila.
Tsakuwa, jar ƙasa, rola ta bi ta kai sau bakwai.
Na tsaya hannu a baya
kamar mai rakiyar gawa.

Yanzu motoci wucewa suke, fiu, ko sallama babu.
Faci uku na yi a mako.
Injin iskana har ya manta muryarsa.

Sai dai daren da ciwon bayan Inna ya tashi
muka ɗauke ta zuwa Shika,
ta ɗora kai a kafaɗata tun daga ƙofar gida,
ba wash, ba wayyo, ba riƙe ni Barau.
Barci ta yi.
Na ji numfashinta a wuyana, na kasa cewa komai.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas.
Katafila ta hau bayan tirela ta yi gaba,
an bar kwalbati da ƙarafa a tsaye kamar gemun akuya.
Sambo ya tafi da fartanyarsa.
Sun ce sai baɗi.

Da asuba, a hanyar masallaci, na ga tsaga a gefen titi,
ƴar ƙarama, tsawon ɗan yatsa.
Na san irinta. Na san me za ta zama kafin Agusta.
Na daɗe a tsaye a kanta.

Na duba hagu, na duba dama,
na debo tsakuwa cikin hulata
na cusa mata a baki,
na danne da dunduniya.