Notuna Huɗu

Ladan bai kira assalatu ba nake barin Asawase,
sai sha ɗayan dare ƙofata ke ganina.
Wata takwas ke nan.
Masta Gariba ya ce aiki ba ya kisa,
ya rubuta da baƙin mai a kwanon gareji,
harafin ƙarshe ya tsiyaya har ƙasa.

A Suame guduma ba ta san azahar ba.
Kokon safe a tsaye, waken rana a ƙarƙashin mota,
yatsuna sun koyi kwance injin
ba tare da sun tambayi kaina ba.
Da muna waƙa, ni da Mumuni,
muna yi wa direbobi ba'a.
Yanzu in sifana ta faɗi
sai mu tsaya kallonta,
kowa na jiran wani ya sunkuya.

Ran Laraba aka kawo babbar mota,
za ta Bawku ɗaukar albasa.
Na sauya birki da tocila a baki,
na mai da taya, na buga mata tafi,
Masta ya ƙirga sidi, ya ce kun gani?
Mota tara yau. Bara biyar muke yi.
Bai ƙirga ukun da suka dawo ba.

A gida Zinatu ta ƙi barci.
Ta sa hannu a aljihuna neman alewa,
ta fito da notuna huɗu,
ta jera su a tabarma tana ce musu awaki.

Ban tsaya neman takalmi ba.
Titi babu torotoro, sai karnuka da ni.
Ina gudu ina ganin gangaren Kintampo,
taya na gaba, mota na binta,
ina ƙirga yaran mota: biyu ne, ko uku?

Na same ta a bakin gidan mai na Tafo.
Direba, Baba Fuseini, ya shimfiɗa kwali
yana minshari kamar ba a binsa bashi.
Ya ce da yaransa tun da yamma
ido in ya yi yaji ba a ba shi hanya.
Barcinsa ne ya riƙe tayar nan,
ba hannuna ba.

Na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya,
na zauna a kwalta na yi kuka kaɗan.

Da safe na faɗa wa Masta.
Ya daɗe yana goge hannun da ba shi da datti.
Bai ce komai ba.
Rubutun yana nan a kwano har yau.
Amma jiya, ana kiran magariba,
ya kashe janareta da kansa,
ya ce wai mai ya yi tsada.

Na iso gida da sauran haske.
Zinatu ta dube ni daga bayan uwarta
kamar baƙo ne ya yi sallama.