Littafin Awoyi

Akwai ɗan littafi a aljihun kakina,
bangonsa ya sha gumi har ya yi laushi.
Ba sunayen ɓarayi ne a ciki ba.
Awoyi ne.

Litinin, shida na safe ya kamata in sauka,
sai oba-oba ta yi tari, ta ce a dakata.
Na dakata a Gada Biyu har azahar.
Sanyin Jos ya ci yatsuna, rana ta zo ta suɗe saura.
Awa takwas. Na rubuta.

Makon da aka hana fita,
ni da Saja Dalyop a bakin Taminus,
masara gasassa ɗaya muka karya biyu.
Ya yi addu'arsa, na yi tawa.
Kwana uku takalmi bai bar ƙafa ba,
ran da na cire shi, safa ta tafi da fata.

Na kai lissafi ofishin kuɗi.
Akawu bai ɗaga kai ba, ya ce fayil yana Abuja,
ya ce ai ɗan sanda ba shi da agogo.
To wa ya saya wa mai gidan haya nasa?
Shi dai bai taɓa makara ba.

Kuna cewa muna miƙa hannu a shinge.
Ban zo wanke kowa ba.
Amma tun ina yaro nake ji
a sallami ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.
Nawa ya bushe, ya zama gishiri a wuyan riga,
Zulai ta wanke, wani ya hau.

Ranar sunan Nusaiba
ina Bukur, ina gadin akwatin ƙuri'a.
A waya na ji an shafa fatiha.
Wannan awar ban rubuta ta ba,
ban san nawa zan ce ba.

Dalyop ya yi ritaya bara da littafi huɗu cikakku.
Da na je gaishe shi
na tarar matarsa na hura gawayi da shafin Disamba.
Ya yi dariya, ya ce ko ba komai sun dafa shayi.

Ni nawa bai kai wuta ba tukuna.
Ɗari huɗu da goma sha ɗaya, har daren jiya.
Ba goro nake roƙo ba, ranka ya daɗe,
bashi ne, kuma na san mai riƙe da shi.

Shida saura kwata.
Oba-oba ta fara tari.
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.