Allon Kawu Mantau

Kawu Mantau ya dawo daga Ikko
da buhu guda, da tari mai tsawo,
da wani allo da ya fi ƙyauren ɗakinmu.
Direban tirela sai da ya karɓi kuɗin mutum biyu.
Inna ta zagaye shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce,
"Ba na karatu ba, ba na shanyar kuɓewa ba."
Ya ce, "Yaya, doki ne. Ruwa yake ci."

Shekara sha ɗaya yana bakin teku
yana wanke alluna, yana goga musu danƙo,
masu su na cikin ruwa, shi yana tsaron takalma.
Da ido ya koya. Sai ƙafa ta bi.

Mu yaran Kabala muka zama ɗalibansa
a gindin mangwaron da ke kallon kogi.
Ya ce igiyar kirki baƙuwa ce daga nesa,
hadarin da ya haife ta ba ka taɓa ganinsa ba,
ya mutu tun shekaranjiya, 'yarsa ce ke isowa.
Ya ce in iska ta taso daga tudu
sai ta taje wa ruwa kai, ya miƙe sumul,
in daga teku ta zo, ta dagula shi
kamar tuwon da yarinya ta tuƙa tana fushi.
Ya ce wata ne ke riƙe da linzami:
sau biyu a yini teku kan tafi kasuwa,
sau biyu ta dawo, ba ta taɓa makara ba.

Na ce, "Kawu, namu kogin in ya tafi ba ya waiwaye."
Ya yi shiru. Ya tofar da ƙwallon goruba.

Kullum bayan asuba yana gaɓa,
ya lashi yatsa, ya ɗaga sama.
"Yau babu."
'Yan yashi su yi dariya daga cikin kwale-kwale,
Shekwolo mai fito ya ce, "Gobe ma haka, Baban Teku."

Sai Agusta ta zo da kwana uku na ruwa.
Kogi ya yi ja, ya kumbura, ya haɗiye gonar alayyafo,
ya ɗauko kujerar wani, da akuya, da rabin rumfa.
Ƙasa da gadar jirgi, inda duwatsu suka nutse,
ruwa ya yi tozo,
ya tsaya cak yana gudu a wuri guda.
Iskar yamma ta tare shi gaba da gaba.

Kawu bai lashi yatsa ba ran nan.
Ya miƙo mini hularsa da agogo.

Na ga ya kwanta, ya yi iyo da hannu,
na ga ya ɓace,
na ga furfura ta ɓullo,
gwiwa, sannan tafin ƙafa,
sannan mutum a tsaye a kan Kaduna,
hannu a buɗe kamar mai raba faɗa.
Na ƙirga: ɗaya, biyu... na kai bakwai.
Mai masara ta bar masararta ta ƙone.

Shekwolo ne ya tsamo shi can ƙasa,
ba wando, haƙori ɗaya ya tafi,
yana aman ruwa yana dariya.
Allon kuwa ya yi gaba, yana juyi, yana ƙyalli.

Inna ta yi faɗa har ta manta gishiri a miya.
Shi ko yana rawar ɗari a cikin bargo
ya jawo ni ya ce,
"Bar shi, ya san hanya.
Daga nan sai Kwara, daga Kwara sai gida,
in dai Shiroro ta buɗe masa ƙofa."

Har yau agogon na wurina. Bai tambaya ba.