Takobi Biyu, Kube Ɗaya

An tashi daga aji, alli bai bar yatsuna ba.
A makarantar Littafi da ke bayan kasuwar Zuru
yau na koyar da sarakunan Turai na can da,
waɗanda sai an shafe su da mai a majami'a
kafin kambi ya zauna musu a ka.
Na ce wa yara: a wurinsu sarki makiyayin haya ne,
garken ba nasa ba.
In gwauruwa ta kawo kuka, a tsaye zai saurara,
mudu ɗaya ga mai doki da mai jaki.
Haka dai aka rubuta a fata.
Abin da aka yi a fada, Allah ya bar wa kansa sani.

Kezaya, 'yar Dabai, ta ɗaga hannu:
"Malam, wanda ya zuba man
da wanda aka zuba wa, wa ke gaba?"
Na ce, 'yata, sun yi ɗaruruwan shekaru a kan wannan.
Sun ce takobi biyu ne,
na rai a hannun bishop,
na wuya a hannun sarki,
ga shi kuwa ƙasar kube ɗaya ce.
Sarki ya ce shi zai miƙa sanda da zobe
tunda gonakin ikilisiya shi ya yanka.
Bishop ya ce, to, ga ƙofa,
ba gurasa, ba ƙoƙo, sai ka tuba.
Har an ce wani ya tsaya ba takalmi cikin ƙanƙara
yana jira a buɗe masa.
Aji ya fashe da dariya.
Mu ƙanƙara a zoɓo muka san ta.

Ni ban dara ba.
Akwai takarda a aljihuna, ninki huɗu.

Bara iska ta kwashe rufin cocinmu
ta ajiye shi a gonar dawar Gomo.
Wata uku muna waƙa rana na cin ƙeyarmu,
sai Kansila Dantani ya aiko bandir arba'in na kwano,
da ƙusa, da kafinta, har da kuɗin shayinsa.
Muka yi guɗa. Ni na rubuta godiyar.
Yanzu tsoho Habila zai sauka,
Kansila kuwa yana da ɗan ƙanwa mai takardar tauhidi.
Bai ce dole ba.
Cewa ya yi kawai, "Dattawa su duba."

Kada in cuci mai kwano.
Habilan ma, da zaɓe ya ƙarato,
daga kan mumbari ya nuna mana inda za mu dangwala,
ya hana Ladi Senchi cin jibi wata shida
don ta ɗaura zane mai hoton da bai so ba.
Kowa ya taɓa zare takobin da ba nasa ba.

Da yamma muka zauna, mu bakwai, a bencin gaba.
Na buɗe takardar, na gyara murya,
sai ruwa ya kece.
Sabon kwano ya ɗauki ƙara kamar ana sussuka,
bakina na motsi, ba mai jin abin da nake karantawa.
Ko ɗigo bai taɓa mu ba.
Wannan shi ne nauyin abin.

Baba Noma, wanda bai taɓa jin sunan Turai a aji ba,
ya matso da bakinsa kusa da kunnena:
"Rubuta masa mun gode da rufi.
Abin da ke ƙarƙashi ba mu ne da shi ba,
balle mu bayar."

Na rubuta. Hannuna ya ɗan yi rawa a wurin sa hannu,
don tagogi har yau buhu ne muka rataya.

Gobe Kezaya za ta sake tambaya, na san ta.
Zan ce ta buɗe shafi na gaba.
Su ma can ba su gama ba.